Ƙofar Mai Alli

Shekara ashirin da shida rumfata tana jingine da tasa, kuma ban taɓa jin wani ya kira shi da sunansa na gaskiya ba. Mai Roba kowa ke ce masa. Ni ɗinkin kujerun mota nake yi, shi ya sa yake ce min Tela, ko da yake na sha gaya masa ban taɓa ɗinka wa ɗan Adam ko aljihu ba. Shi kuwa aikinsa biyu ne rak: ƙofar mota mai yoyo, da waifa mai karkarwa. Inji bai dame shi ba, birki ba ruwansa. In ka kawo masa mota tana hayaƙi, da baki zai nuna maka hanya, don hannunsa kullum da gam.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma taurin kansa ya fi na robar da rana ta shekara goma tana gasawa. Na so shi, na kuma yi faɗa da shi fiye da yadda na yi da kowa a duniya.

"Ruwa maƙaryaci ne, Tela," haka yake cewa. "Inda ka gan shi ba nan ya shigo ba."

Direba zai zo rai a ɓace, kafet ya jiƙe sharkaf, mota tana warin danshi, ya riga ya shafe ƙofa da gam kamar mai yaɓen katanga. Mai Roba kuwa takarda zai ɗauko, ya rufe ƙofa a kanta, ya ja. In ta yi gardama, roba na kamawa. In ta zame salin-alin, ya sami wurin da za a duba. Haka zai zagaye ƙofar taƙi bayan taƙi. Sannan ya durƙusa ya soka waya a ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa, waɗanda yawancin direbobi ba su ma san da su ba, wani lokaci sai ka ga ruwan taɓo ya ɓalle kamar an kwance bakin salka. In roba ce ta kwanta don tsufa, ba ya gaggawar sayar maka da sabuwa. Siririn tiyo yake zura mata a ciki har ta sake kumbura. Direbobi kan gaji da jira su fara duba agogo, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Amma akwai yoyon da takarda ba ta kamawa, kuma a nan ne matarsa ke shigowa.

Gidansu yana bayan rumfar, ƙofa ɗaya ce tsakani. Sai ya leƙa ya ce, "Ke, akwai baƙo." Sai ta fito tana goge hannu, da 'yar tocila da guntun alli rawaya mai maiƙo, irin wanda masu faci ke yi wa taya alama da shi, wanda ruwa ba ya wankewa. Daga nan sunanta ya samo asali, Mai Alli. Ni dai Yaya nake ce mata. Tun farkon aurensu abin ya faro, ranar da ya rasa wanda zai zauna masa a cikin mota ya roƙe ta. Mutane sun yi surutunsu, sun gaji, sun koma kawo motocinsu.

Za ta shiga, a rufe ƙofofi, a ɗaga gilasai. Shi kuma ya ɗauki tiyo daga duro, ya fara zuba ruwa daga can ƙasan ƙofa, a hankali, ba feshi, yana hawa sama kaɗan-kaɗan. In ka fara daga sama, in ji shi, ruwa zai gangaro ya jiƙa ko'ina, ka rasa ɓarawonka. Ita a ciki ba ido kaɗai take amfani da shi ba. Bayan hannunta take bi da shi a jikin ƙarfe, tana jin sanyin danshi tun kafin ɗigo ya fito. Magana ba ta ratsa gilashi da ƙarar ruwa, don haka da ƙwanƙwasa suke zance. Ɗaya, ci gaba, hau sama. Biyu, tsaya, na kama shi. Sai ta zana da'ira da allinta. Iya abin da na fahimta ke nan daga rumfata, kuma na ɗauka iyakarsa ke nan.

Direbobi suna yabon idon Mai Roba, shi kuma yana karɓar yabon ba kunya. Ita sai ta yi murmushi ta koma kan tukunyarta.

A waifa kam, gaskiya, ba ya bukatar kowa. Mutum zai canza robar waifa sau uku, abin bai daina tsalle yana gar-gar-gar a kan gilashi ba. Mai Roba zai watsa ruwa, ya kunna, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma. In maiƙo ne ya kwanta a gilashi, sabulu da tsohuwar jarida sun isa. In kuwa karkarwar a hawa kaɗai take, ko a sauka kaɗai, to hannun waifar ne ya murɗe, roba ba ta tsaya daidai a kan gilashi ba. Sai ya kama ƙarfen da filaya biyu, ya murɗa shi abin da bai kai kaurin farce ba. Shi ke nan, sai waifa ta koma tafiya sulu-sulu, direba ya tsaya baki buɗe.

To, wannan gwanin yana da tasa motar, wata tsohuwa shuɗiya, kuma duk layinmu babu kwandon da ya kai ta. Ƙofar gefen mai zaman banza, wato gefen Yaya, tana ɗiga daidai kan kafaɗar wanda ya zauna. Waifar gefen ma tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Yaya tana ajiye da wani koren tawul a aljihun gaban motar, da hadari ya haɗo sai ta yafa shi a kafaɗa. Duk ranar ruwan farko na damina, in sun dawo daga unguwa, sai na ji ta tana cewa, "Maigida, na sa maka alama fa."

"To. Bari a rage motocin mutane."

Da damina motocin mutane ba sa raguwa. Da rani kuma wa ke tuna yoyo? Ni kuwa na sami abin tsokana. In mun yi faɗa sai in ce masa ya je ya toshe kwandonsa tukuna kafin ya koya min ɗinki. Ita da kanta takan taya ni dariya. Ban taɓa jin ta roƙe shi zane ko zobe ba. Wannan ƙofar kaɗai na san ta taɓa nema a wurinsa, kuma duk mun mai da abin wasa.

A daminar da nake magana ciwon ƙirji ya kama ta. Da farko tari ne, sai numfashi ya fara yi mata wuya in ta sunkuya a cikin mota. Duk da haka tana fitowa in ya kira, har ranar da tocila ta faɗi daga hannunta. Aka shiga jigilar asibiti, sau biyu a mako, a cikin shuɗiyar motar, ruwa na ɗiga a kafaɗarta. Ranar da aka kwantar da ita, 'yarsu, wadda ta baro gidan mijinta ta zo jinya, ta fito da koren tawul ɗin ta matse shi a gaban uban. Ruwan ya zuba a kan takalminsa.

Da yamma ya shigo rumfata, ya zauna a kan wata kujerar da na farke.

"Tela, ba za ta sake shiga motar nan tana ɗiga ba. Ranar da aka sallame ta, a busasshiyar mota zan dawo da ita gida."

"Da ka faɗi haka shekara goma baya, da na yi maka tafi."

Bai rama ba. A nan na san abin ya kai masa har zuci.

Washegari ya kori duk motar da ta zo. Waifar ya fara kamawa, ina tsaye. Filaya biyu, murɗa ɗaya, ya watsa ruwa, ta tafi shiru. Ko minti biyu ba a yi ba. Na buɗe baki zan yi magana, na ga fuskarsa, na haɗiye.

Ƙofar ce ta ƙi. Ya bi ta da takarda, takarda ta kama ko'ina. Ya soke ramukan ƙasa, ba su toshe ba. Ya cire tsohuwar roba ya sa sabuwa dal, duk da ya san ba laifinta ba ne. Sannan ya miƙo min tocila ya ce in shiga, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na zauna a kujerar Yaya, ya rufe ni. Kwana uku muna wannan abu. Ni ba na ganin ruwa sai ya sauka a kafaɗata, lokacin kuwa ya riga ya yi tafiyarsa ta ɓoye ya gama. In ƙwanƙwasa biyu, ya buɗe, in nuna masa rigata.

"Rigarka na tambaye ka? Ta ina ya fito?"

"Ta sama."

"Ai ruwan sama ma ta sama yake fitowa."

Ya nemi alamar da take faɗa. Ya duba jikin ƙofa, ya duba ƙarƙashin roba, ya cire marfin cikin ƙofar ya duba ledar da ke bayansa. Babu rawaya ko ɗis. Shekara da shekaru tana cewa ta sa alama, bai taɓa tambayarta a ina ba.

Rana ta huɗu da hantsi na raka shi asibiti. Ɗaki ne mai gado shida, nata na bakin taga. Ta rame har zoben azurfar da ke yatsarta yana juyawa, an sa mata ƙarin ruwa, 'yar tana zaune a gefe tana yi mata fifita da kwali. Da ta gan ni sai ta nuna ledar ruwan da ido.

"Tela, ka ga nan ma ɗiga ake yi min. Ni dai ban rabu da yoyo ba."

Muka yi dariya, tari ya katse tata. Likita ya ce in ta kwana lafiya, jibi za a iya sallamarta, in ji 'yar. Mai Roba yana tsaye a ƙarshen gado yana murza hularsa. Mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba" a gabana ba, sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ke. Alamar nan. A ina kika sa ta?"

Ta daɗe tana kallonsa. Ba fushi a idonta, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi.

"Yau ka tambaya, Maigida?"

"Yau na tambaya."

"Ba ƙofar ba ce. Ƙofa ba ta da laifi. Ka kwance mariƙin hannun da ke sama, ka janye ƙyallen rufi. Ta mahaɗin ƙarfe yake shiga, ya bi ta ciki, ya sauko a kaina."

Kafin ta rufe baki ya sa hularsa.

"Zauna tukuna," ta ce. "Motar ba gudu za ta yi ba."

"Baba, ka zauna mana," in ji 'yar. "Tun safe take tambayarka."

"Awa ɗaya. In je in dawo in gaya miki ta gyaru."

Ta ɗaga yatsu biyu daga kan bargo ta sake su, kamar mai cewa je ka. Ni na ga yadda numfashinta ke fita, kuma ban riƙe masa riga ba. Na bi shi muka tafi.

A rumfa ya cire rigarsa ta sama ya rataye a ƙusa, wayarsa na cikin aljihu, don kada ruwa ya taɓa ta. Tawa tana kan keken ɗinki. Ya kwance noti biyu na mariƙin, ya janye ƙyallen rufin, ya haska tocila. Sai na ga ya tsaya cak. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa.

Da'ira ce rawaya a jikin ƙarfe, ta kewaye wata 'yar tsaga da ba ta fi tsawon ƙwayar shinkafa ba. A gefenta kuma ga ƙananan zane a jere, tsaf-tsaf, kamar na ɗan makaranta. Na farkon sun dushe, na ƙarshen yana nan sabo. Ashe duk shekara sai ta kwance mariƙin nan da kanta, ta duba, ta ƙara zane ɗaya, ta mayar ta ɗaure. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya.

Ya kankare tsatsa, ya goge, ya cusa gam ciki da waje, ya lallaɓe da babban yatsa. Ban duba agogo ba, amma shayin da na zuba kafin ya fara bai huce ba ya gama.

"Mu tafi," na ce. "Ka gaya mata."

"Ba a gwada ba. In ce mata ta gyaru, jibi ta ɗiga mata? Shiga."

Sai da muka jira gam ya kama. Sannan na shiga, ya rufe ni, ya fara daga ƙasan ƙofa kamar yadda ya saba, ko taƙi ɗaya bai tsallake ba. Ina ƙwanƙwasa ɗaya, yana hawa. Ya kai gilashi, ya kai saman ƙofa, ya kai rufi, ya tsayar da tiyo daidai kan gyaran. Na sa bayan hannuna a wurin kamar yadda Yaya ke yi. A bushe yake ƙayau. Na zauna ina jira ya kashe ruwa ya buɗe min, tunda a dokarsa na ciki ba ya buɗe ƙofa ana zuba. Shi kuma yana tsaye yana zubawa, yana kallon gilashi. Ruwa na gangarowa, ba na ganin fuskarsa sosai. Na ce a raina tsantseninsa ne ya motsa, bari in ƙyale shi. Muka daɗe a haka, har duron ya ƙare, tiyo ya fara tari.

Ya fizge ƙofar. "Me kake jira? Ya shigo ne?"

"Bai shigo ba. Tun ɗazu."

"To me ya hana ka ƙwanƙwasa uku?"

"Uku kuma?"

Ashe akwai ta uku. Uku na nufin a bushe take, an gama, kashe ruwa. Ita da shi sun san ta shekara talatin, har ya manta cewa abu ne da ake koya wa mutum. Ni kuma a kwana ukun da muka yi ba mu taɓa kaiwa ga busasshiyar mota ba, balle in ji ta. Yana jirana, ina jiransa.

Ya je ya ɗauko rigarsa, ya duba waya. Kira tara daga 'yar. Ya kira, ba ta ɗauka ba.

A hanya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune a kujerar Yaya, kafaɗata a bushe, waifa biyu suna kai da komo ba ko ƙis. Ban taɓa jin motar nan shiru haka ba, kuma ban taɓa ƙin shiru kamar na ranar ba. Ya tuƙa da hannu biyu.

A baranda muka sami 'yar, tana rungume da jakar kayan uwar. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce ko rabin awa ba a yi ba da cikawar Yaya.

Rabin awa. Na yi lissafin nan sau dubu, ba ya canzawa. Abin da muka ɓata ina zaune yana zuba ruwa ya fi haka.

"Ta yi magana?" ya tambaya.

"Ta ce, 'Ya gani kuwa?' Na ce ban sani ba, Baba bai ɗauki waya ba."

Jakar muka dawo da ita gida a kujerar, ni na koma baya. Ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Allah ya jiƙan Yaya. An ce da na sani ƙeya ce, to mu biyu muka raba ta, kuma har yau ban san wa ya ɗauki kaso mafi nauyi ba. Bai taɓa ɗora min laifi ba. Na so ya ɗora, ko ma yi faɗa irin na da in sami abin riƙewa. 'Yar ta yi wata biyu ba ta haɗa ido da shi, daga baya ta sauko, har ta roƙe shi ya rufe rumfa ya koma wurinta. Ya ƙi. Amma ya daina karɓar aikin ƙofa. In direba ya zo da jiƙaƙƙen kafet, sai ya ce mai ganin ba ta nan. Waifa kaɗai yake gyarawa yanzu, aikin mutum ɗaya. Guntun allin yana kan shiryayye kusa da gwangwanin gam, koren tawul kuma yana aljihun motar inda ta bar shi. Ƙyallen rufin bai mayar ba, yana nan a janye.

Da damina ta zagayo, wata rana bayan azahar, rana ta ƙwalle ba ko gajimare, ya leƙo rumfata.

"Tela, zo ka zuba min ruwa."

"Mota ta sake ɗiga ne?"

"Zo dai."

Na tarar ya cika duro. Ya miƙo min tiyo, ya zagaya ya shiga gefenta, ya ja ƙofa ya rufe. Na fara daga ƙasa, a hankali, ba feshi, yadda na ga yana yi shekara ashirin da shida. Ya ƙwanƙwasa ɗaya, na hau. Ya sake, na sake hawa. Na wuce gilashi, na wuce saman ƙofa, na kai rufi, na tsaya a kan gyaran. Ta cikin ruwan ina hango shi dishi-dishi, ya ɗaga kai yana kallon zanen nan goma sha ɗaya. Na san a bushe take, shi ma ya sani. Na kasa kunne ina jiran uku.

Ya ƙwanƙwasa ɗaya.

Babu sauran sama da zan hau. Na gyara tsayuwa, na ci gaba da zubawa.